Burgamin Inna

Wata Laraba da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina gyaran igiyar guga, rediyo na gefena, sai mai shirin ya shiga zancen kalmomin wasu ƙasashe. Ya ce a ƙasar Japan akwai wata tsohuwar kalma da asalinta jaka take nufi, jakar da ake ajiye abin gida mai daraja a ciki, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama abin da namiji yake kiran uwarsa da shi. Ya ce masana ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba, wasu dai na ganin don uwa ce take riƙe da jakar. Ya maimaita kalmar, ban riƙe ta ba. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, kuma bakin Japan ba ya zama a kunnena. Amma na ajiye igiyar, domin abin da ya faɗa na san shi. A gidanmu ya faru, da wata kalma tamu, burgami.

Zan bi abin daki-daki, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Da farko burgami jaka ce ta fatar akuya, kuma ba ɗinka ta ake yi ba. In an yanka taure ba a tsaga cikinsa. Mai fiɗa yana farawa daga wuya, ya riƙa tura hannu tsakanin fata da nama, yana zare ta a hankali kamar mai tuɓe wa yaro riga, har ta fito ɗungurungum. Wuƙa ba ta da aiki sai a wuya da ƙafafu. Daga nan majemi ya karɓa, ya jiƙa ta da toka, ya kankare gashin, ya jeme ta da bagaruwa. A shafe ta da mai, a murza har ta yi laushi. A ƙulle ƙafafun, a toshe ƙasan, wuyan ya zama baki.

Na taɓa tambayar Baba inda kalmar ta samo asali. Ya ce shi ma haka ya tarar da ita, amma ya ji tsofaffi na cewa fatake ne suka zo da ita, a ciki suke zuba guzurin hanya. Wani malami a Magarya ya ce mini daga bakin Barebari ta fito, wani kuma ya ce a'a, ta Bugaje ce. Ban tabbatar da ko ɗaya ba, don haka na faɗe su a matsayin abin da na ji kawai.

Burgamin da na sani shi ne na Inna, mahaifiyata. Da shi ta zo gidan Baba daga wani ƙauye na wajen Sassumbrum zuwa namu da ke gabas da Dungas. Uwarta ce ta ba ta, cike da irin wake. Waken ƙanana ne, farare, masu jan ido, fatarsu da ɗan kaushi. Ba su da kyan gani a kasuwa, amma suna nuna da wuri, tun gero bai yi kai ba, a daidai lokacin da rumbu ya koma ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. A wannan tsakanin waken Inna ne ke riƙe gidanmu. Tana shuka shi a gamanarta, ƴar gonar da Baba ya yanka mata a bayan gida.

Tana da ƙa'idarta a kan iri. Kwanson farko, na tsakiyar gona, shi ne na iri. Ta shanya shi daban. Ta ɓare da hannu, turmi ba ya taɓa shi. Ta tankaɗe tokar kara mai sanyi. Daga nan sai ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, domin uwarta ta ce mata ba a cika burgami a gaban ido. In ta fito, ta rataye shi a wani turke a ɗakin girki, sama da murhu, inda hayaƙi ke bi. Ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. In an kwance bakin, waken yakan zubo da toka da ɓurɓushin busasshen ganyen dogon yaro, babu ƙwaro ko ɗaya.

Ma'ana ta biyu a cikin gidanmu ta tsiro. Muna yara, in an ce burgami ba fatar muke ji ba, irin muke ji. Na gane haka a wata shekara da damina ta yanke tun gero na ƙarami. Muka ci tafasa, muka ci dusa, ƙanwata har ta daina wasa. Wata rana da yamma Baba ya tsaya a bakin ɗakin girki ya ɗaga kai yana duban turken.

"Ke, ki sauke abin nan ki dafa wa yaran nan ko rabi ne."

"Malam, burgami ba abinci ba ne."

"Yau ya zama."

"In mun cinye bana, baɗi me za mu shuka? Yashi?"

Baba bai sake magana ba, amma Inna ba ta yarda da shirunsa ba. Daga ranar in za ta rijiya sai ta sauke burgamin ta goya shi da zane kamar jariri. Mata suka samu abin dariya a shekarar da dariya ta yi wuya.

"Uwar goyo, yaron naki ba ya kuka?"

"Ya fi naku hankali," in ji ta. "Kuma shi zai ciyar da naku."

Da ruwa ya dawo, matan nan da suka yi dariya suka zo da ƴan ƙorensu, domin duk sun cinye nasu irin. Ta ɗiba wa kowace da tafin hannu. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace shekara, washegarin ruwan shuka, tsakar gidanmu takan cika da mata. Kowace ɗiya da aka aurar daga gidan kuma sai an ƙulla mata waken a tsumma ta tafi da shi.

A nan ma'ana ta uku ta fito. In ka haɗu da mace da ƙoƙo a hannu ka ce ina zuwa, sai ta ce, "Za ni wajen Burgami." Inna suke nufi. Ta sani, ba ta taɓa hanawa ba. Wannan shi ne abin da mai rediyo ya tuna mini.

A waje kuwa kalmar wata hanya ta bi. Buhu ya zo, leda ta zo, aka daina yin burgami. Wata rana a tashar Magarya na ji yaron mota yana ce wa wani ɗan kasuwa mai teɓa, "Burgami, matsa mana a zauna." Duk motar ta kwashe da dariya. Na ce masa ya san abin da yake faɗa kuwa? Ya ce ya sani mana, mai cikin da ba ya cika. 

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba ya riga ya rasu, Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani har sai da ta koma gane mutane da murya. Amma iri bai fita daga hannunta ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Yayansu take ce mini. Ƙaninmu na ƙarshe, Auta, shi ne ɗan lelenta. Yana sana'ar shayi a Kano, yakan zo da kaka ya taya ni aiki ya koma.

A kakar wannan shekara, da ta sauke burgamin za ta kakkaɓe, sai ya tsage a gadon baya. Na kai shi kasuwar Dungas wajen baduku. Ya juya shi, ya ja gefen tsagar da yatsa, fatar ta ƙara ɓarkewa.

"Malam, ai wannan faci ne ke riƙe da faci. Ina zan soka allura?"

Na dawo na gaya mata. Ta ce to, a yi sabo. Ta faɗe shi kamar wadda ta ce a ɗebo ruwa.

A duk kewayenmu mutum ɗaya ya rage da ya iya wannan fiɗa, wani tsohon mahauci a wani ɗan ƙauye kudu da mu. Na je na same shi. Hannunsa na rawa, ko ƙoƙon fura ba ya riƙewa daidai.

"Hannun ya tafi," ya ce, "amma bakin na nan. Ku samo mai ƙarfi, ni in tsaya a kansa. Kuma taure nake so, kada ku kawo mini tsohuwar akuya."

Muka sa rana. Auta ya ce shi zai sayi tauren, ya kuwa sayo ja, babba, mai sheƙi, irin wanda ba mu saba yankawa ba ko da salla. Ya kamo hannun Inna ya ɗora a bayansa.

"Inna, ji nan. Wannan burgamin har ke sai ki shiga."

"Ɗan banza. In na shiga wa zai rataye ni?"

Shi ne kuma ya nemo wani saurayin mahauci daga Dungas, wanda ake yabon hannunsa.

Ranar da aka sa, bayan asuba na ɗaura wa jaki amalanke na tafi ɗauko tsohon. Hanyar yashi ce, tsohon kuma ba ya gaggawa. Sai da ya sha kunu, sai da ya nemo hularsa, a hanya kuma duk wanda muka gamu da shi sai an tsaya an gaisa har a tambayi awaki. Shi kuwa saurayin mahaucin tun da sassafe ya iso a kan moto, wato babur. Ranar kasuwa ce, yana da shanu na jiransa, ya ce ba zai iya zama ba. Auta, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya ga tauren a ɗaure, ga mahauci, ga rana na ɗagawa, sai ya ce a yanka kawai, kafin a gama tsohon ya iso. Ya ja masa kunne:

"Fatar muke so, ba naman ba. Ka kula da ita sosai."

"Fata? Ni da dillalan Kano ke rububin tawa? Je ka kawo ruwa, ka dawo ka ga aiki."

Auta ya tafi rijiya. Saurayin kuwa ya yi aikin da ya iya, kuma ya yi shi da kyau. A wajensa kula da fata shi ne a tsaga ta miƙe daga maƙogwaro zuwa wutsiya, a feɗe ba huda, a shimfiɗa ta a buga mata turaku. Haka masu saye suke so, haka ubangidansa ya koya masa.

Da muka shigo, fatar tana shimfiɗe a ƙasa, a buɗe kamar tabarma. Auta na tsaye da tulu a kafaɗa, bai sauke ba. Na taimaka wa tsohon ya sauko. Ya taka a hankali ya tsaya a kanta.

"Baba, duba ka gani," in ji saurayin yana goge wuƙa. "Ko huda ɗaya."

"Na gani, ɗana. Hannunka na da kyau. Ka taɓa ganin burgami?"

"Burgami? Ba mai ƙaton ciki ake ce wa haka ba?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi Auta. Ya nemi gindin bango ya zauna.

Inna ta fito tana lalube. Ta durƙusa, ta shafa fatar daga tsakiya har hannunta ya kai gefe ɗaya, ta sake shafawa har ya kai ɗaya gefen. Ta daɗe a durƙushe.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"An buɗe ta."

"Inna, ruwa na je ɗebowa."

"To. A raba naman kada ya lalace. A ba baƙon nan cinya, ya sha hanya." Ta juya wajen da take jin numfashin saurayin. "Kai ma ɗana, sannu da aiki. A sallame shi."

Ba ta ƙara kalma a kan wannan ba, har ta bar duniya.

Muka ce in an sayar da gyaɗa za a sayi wani tauren. Kafin a sayar, tsohon mahaucin ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Na bi kasuwanni ina tambaya, mahauta na ce mini sun ji ana yi a da. Ɗaya ya ce zai gwada, da na tambaye shi ta ina zai fara sai ya ce ta ciki. Irin kuwa yana cikin tukunya an rufe da faifai, kuma ƙwaro ba ya jiran kowa. Inna takan kara kunne a jikin tukunyar ta ce tana jin motsi.

Auta ya ɗage komawarsa Kano, abin na cin sa. Ran nan sai ga shi da bido, jarka irin ruwan ɗorawan nan ta man girki, ya wanke shi da toka da sabulu ya shanya har ya bushe ƙayau. Ya ajiye a gabanta. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wannan ba abin ɗibar ruwanku ba ne?"

"Shi ne, Inna. Amma yanzu kowa a ciki yake ajiye wake. A cika, a murɗe marfin, shi ke nan."

Ta sa hanci a bakin, ta shafa jikin. "Ba ya numfashi."

"Ai shi ne amfaninsa. Ƙwaron ma numfashi yake nema, in ya rasa sai ya mutu. Malaman gona ne suka koya wa mutane."

"Malaman gona. Uwarsu a bido ta ajiye?" Ta juyo wajena. "Yayansu, gaskiya yake faɗa?"

Na ce gaskiya ne, domin gaskiya ne. Waken cinmu a bido yake kwana, kuma ƙwaro bai taɓa shi ba.

Ta ce a kai mata ɗaki. Ta tankaɗe tokarta, ta fita bayan gida ita kaɗai tana bin danga da hannu, ta dawo da abu a ƙunshe a gefen zane, ta shiga ta ja ƙofa. Da ta fito ta ce Auta ya murɗe marfin da ƙarfinsa. Bidon ba ya ratayuwa, sai ta sa aka ɗora shi a kan dutse a gindin turken, kusa da murhu, inda take ganin nan ne wurin iri. Tsohon burgamin ta mayar da shi kan turkensa, ba komai a ciki. Fatar tauren kuma aka kai wa majemi ya mayar da ita buzu, a kai take zama.

Rani ya wuce. Ruwan shuka ya sauka, muka shuka gero. Washegari mata suka fara shigowa da ƴan ƙorensu kamar kullum, suna zama a inuwa, suna tsokanarta.

"Burgami, an ce kin koma ƴar zamani."

"Ku bari kawai. Saura moto Auta zai saya mini."

Na ɗauko bidon, na ji gefensa ya kumbura. Marfin ya ƙi, sai da na sa tsumma. Da ya buɗe, wari ya bugi fuskata, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Na karkata shi a kan tabarma, babu abin da ya zubo. Na girgiza, sai wani curi ya faɗo, baƙi, da farin gashi a jikinsa, toka ta zama laka, ga ganye ya narke ya manne da waken.

Inna ta riga kowa sani, domin hancinta bai tsufa ba. Ta miƙo hannu, na sa mata curin. Ta murza, ya dame a yatsunta.

Wata maƙwabciyarmu ta tsinci ganye ɗaya ta duba. "Inna, ɗanyen ganye kika sa?"

"Da wane iri zan sa? Haka uwata ta sa. Haka uwarta."

Sai a ranar muka sani. Duk shekarun nan ɗanyen dogon yaro take tsinkowa ta jera a ƙasa, a tsakiya, da baki, don ɗacinsa ya kori ƙwaro. Fatar takan shanye danshin, hayaƙi ya busar da ita, kafin damina ganyen ya zama gari. Mu busasshen kawai muke gani in an kwance. Ita ba ta canza komai ba, ta bi ƙa'idarta ɗaya bayan ɗaya. Bidon ne bai sha ruwan ba, ga kuma ɗumin murhu.

Matan suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya, kowace ta tura ƙoƙonta ƙarƙashin mayafi kamar ba da shi ta zo ba. Inna ta sa na wanke abin da ya yi kama da ƙwaya na shuka a gefen danga. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Na kira Auta a waya. Ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa shi ya kashe shi, shi ya kawo mahaucin, shi ya kawo bidon. Inna ta ce in kara mata wayar a kunne.

"Kai ka sa ganyen? To yi mini shiru. Ka ci abinci?"

Ana shuka wake ne bayan gero ya ɗan tasa, don haka akwai sauran lokaci kaɗan. Na ce a raina, wake da aka yi shekaru ana rabawa ba zai ɓace a ƙasar nan ba. Na fara da matan ƙauyenmu, gida-gida. Amsarsu ɗaya ce. Sukan shuka abin da ta ba su tare da na kasuwa, su girbe tare, su ci tare. Wata ta faɗa mini ba tare da ta ji nauyi ba: "Me za mu ajiye, alhali Burgami na nan?"

Na hau kabu-kabu na tafi Kwaya wajen ƙanwata, wadda aka ƙulla wa nata a tsumma ranar aurenta. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta sunkuyar da kai.

"Yaya, shekarar da maigidan ya kwanta na dafa shi. Don Allah kada ka gaya mata."

Na ce ba zan gaya mata ba. Na gaya wa Inna cewa na Kwaya ya ƙare, ba ta tambaye ni yadda ya ƙare ba.

Wuri ɗaya ya rage, ƙauyen da aka haife ta, wajen Sassumbrum. Rabona da shi tun ina saurayi. Gidan kakanninmu ya zama gona. Na samu wata tsohuwa, ɗiyar ƙanin Inna, ta gane ni da goshin Baba. Ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, cike da wake iri-iri, fari da ja da mai zane, ta auna mini tiya guda.

"In yana nan, yana ciki. Ni dai idona ba ya raba su. Ka ce ina gaishe ta, ka ce mu biyu muka rage."

Da safe Inna ta zauna a kan buzun, aka zuba mata waken a faifai. Ta riƙa ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana murzawa tsakanin yatsa biyu. Mafi yawa ta jefa a ƙwarya ta hagu. Wata ta daɗe tana juya ta, ta kai bakinta ta taɓa da harshe, sannan ta sa a ludayi. Rana ta take, aka ce ta huta, ta ce ruwa ba ya hutawa. Matata ta matso ta raɗa mini cewa ita fa na ludayin da na ƙwaryar duk ɗaya take gani. Na duba. Wasu ƙananan ne masu jan ido, wasu kuwa ban ga bambancinsu ba.

Da la'asar ta gama. Ludayin bai cika ba.

"Waɗannan nawa ne."

"Inna, kin tabbata?"

"Kai ma da aka miƙo mini kai ban tambayi kowa ba."

Tun da nake, wannan ne karo ɗaya da ta faɗa da bakinta cewa ita ta haife ni. Matata ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na tashi na je duba jaki, wanda ba abin da ya same shi.

Washegari na riƙe sungumi ina sara, tana biye da ni, hannu ɗaya a kafaɗar matata, tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige. Layi kaɗan ne, a tsakiyar gamanar. Ya tsiro. Kullum da safe sai an kai ta ta tsuguna ta shafa ganyen.

Ya fara yaɗo ke nan, bai yi fure ba, zazzaɓi ya kama ta. Ba ta daɗe ba. Ana gobe za ta rasu, da rana, ta sa aka kira ni, ta jera mini ƙa'idar tun daga farko: kwanson farko, na tsakiya, a shanya daban, a ɓare da hannu, toka mai sanyi. Ta lumshe ido har na ɗauka ta yi barci. Sannan ta ce, "Ganyen, ku daina sa shi."

Auta ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Da zai koma bai nemi komai na gado ba sai buzun.

Waken ya yi. Wani ya nuna da wuri, tun gero bai yi kai ba, wani ya makara. Na ware na farkon. Muka dafa kaɗan ranar sadakar arba'in. Ƙanwata ta ci ta ce shi ne, tana hawaye. Auta ya ce shi ne. Matata ta ce kamar ya fi wancan girma. Ni na tauna na tauna, ban sani ba. Har yau ban sani ba, kuma abin da ban sani ba ba zan rubuta cewa na sani ba.

Ina shuka shi kowace shekara a gamanarta. Ina busar da shi har ya yi ƙara a haƙori, in gauraya da toka, in zuba a bidon nan dai, na wanke shi tuni, in ajiye nesa da murhu. Ba na jan ƙofa, ina so a gani.

Bana da ruwan shuka ya sauka, jikata, wadda take zuwa lakwal da jakarta da take kira sak, ta ce, "Kaka, in ɗauko burgami?" Kafin in amsa ta shige ta rungumo bidon. Haka duk yaran gidan suke kiransa. Wanda ke rataye a turke kuwa tsohuwar fata suke ce masa, sun sha tambayata me ya sa ba a jefar ba. Wannan ita ce ma'ana ta ƙarshe da na gani da idona.

Muna cikin buɗewa sai ga ɗiyar maƙwabciyar nan tamu ta yi sallama, da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi. Mace ɗaya, a tsakar gidan da yakan cika. Na ɗiba mata da tafin hannu. Na ce ta shuka shi daban, ta girbe shi daban, ta ajiye nata na baɗi, kada ta dogara da ni. Ta ce to, irin to ɗin da suke ce wa Inna.